'Yan Zaman Kashe Wandon Matar Yaya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaban asibiti, barka da zuwa. Furofesa shugaban sashen bincike, da sauran furofesoshin dake jere a gaba, Allah ya ƙara ilimi. Allah gafarta Malam, limamin mu, mun gode. Likitoci da nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwaji, sannunku da haƙuri. Shugaban ƙungiyar mu ta makanikai, wanda ni na koya mai riƙe sifana amma yau shine a kan kujera mai hannu, ina gaisuwa. Surukan mu, iyayen marigayiya da 'yan uwanta, Allah ya baku dangana. Sai Yaya, babban wana, mijinta. Sai 'ya'yan mu, Babba da Auta. Sai sauran jama'a, har da na bayan can da suka zo don sunji za'a raba lemo.

Wanda bai sanni ba baƙo ne. Nine Injiniya, ƙanin mijin marigayiya, mai gareji na uku in ka shigo layin makanikai ta bayan gidan mai. Ba jami'a ce ta bani Injiniya ba, motoci ne suka bani. Da dangi suka zauna akace a samo mai ilimi, mai kwarjini, mai iya magana, ba'a ɗau lokaci ba kowa ya juyo yana kallona. Babba yace wai agogon bangon dake bayana ake kallo. Yaro ne.

Tun yanzu in faɗa muku, ba yabo kaɗai ya kawo ni ba, da roƙo nazo. Aikin da Matar Yaya ta shafe shekaru tana yi saura ƙiris ya ƙare, kuma ƙiris ɗin a fatar hannun mu yake, mu 'yan layin gareji. Ance in watan nan ya mutu bamu koma an ɗebi na ƙarshe ba, za'a rufe aikin. Zan dawo kan wannan. Bari ku fara sanin wacece muka rasa.

Ta kasance mace mai faɗin gaskiya kai tsaye, ko da gaskiyar zata jawo mata magana. Ranar da Yaya ya kawo ta gida ta gaida Baban mu, Allah ya jiƙansa, ina wurin, don ba'a yin babban abu a gidan mu babu ni. Baba yace, "Yarinya, wane aiki kike yi?"

Tace, "Da ƙwayoyi nake aiki, Baba."

Baba ya kalle ta. Yace, "Ƙwayoyi."

Tace, "Eh Baba, tun ina makaranta."

Baba ya miƙe ya kira Yaya bayan ɗaki, ni kuma na bi su don kada a rasa shaida. Yace, "Duk matan duniya ka rasa wadda zaka kawo min sai 'yar ƙwaya? Kuma ko kunya babu, wai tun tana makaranta."

Da ƙyar aka fahimtar dashi ba ƙwayar da ake haɗiya bace, ƙwayar halitta ce, ƙananan abubuwan da aka gina jikin mutum dasu. Ita kuma don ta gyara magana sai tace, "Baba, nawa ƙwayoyin na tuni ne, masu tuna cutar da ta taɓa shiga jiki." Baba bai ji ƙarshen ba. Abinda ya kama shine surukarsa nada ƙwayar tuni. Kafin sati ya zagayo tsofaffin unguwa sun fara sallama a ƙofar Yaya. Wannan yace yana manta inda ya ajiye tabarau. Wancan yace ya shiga ɗaki ya rasa me ya kawo shi. Wani yace ba don shi ba, don matarsa ne, amma ita tata ta rage tuni yake so.

Kunsan me tayi? Bata kori ko ɗaya ba. Ta saka musu kujeru a baranda, ta auna musu jini, ta tura masu hawan jini asibiti, tayi musu bayani. Su koma gida su manta bayanin, sati mai zuwa su dawo. Har Baba ya rasu yana cewa rowa take mai.

Ta kasance mai zuwa inda ciwo yake, bata jira ciwo ya sa takalmi ya same ta a ofis. Shekarar da gyambon nan ya shigo layin mu, 'yan gareji kun tuna. Ƙurji ne ƙarami a hannu, ka ɗauka cizon sauro ne, sai ya buɗe baki yaƙi rufewa. Muka sa mai baƙin mai, muka sa ruwan batir, Mai Walda har giris ya shafa. Ni ban sa komai ba, don ni inada ilimi. Man birki kawai na ɗan ɗiga.

Sai gata da farar riga tsakanin tayoyi da gawar injina, tana tsallake kwatar mai. Ta duba hannuna tace, "Injiniya, wa ya baka wannan shawarar?" Nace wani babban masani. Tace, "Ka gaya mai ya tsaya kan motoci."

Ta sa akayi mana magani, kowa ya warke, sai tabo. Mun ɗauka an gama. Bayan 'yan watanni ta dawo ta same mu a kan bencin ƙofar garejina, wanda kowa ya sani, bencin da baya rabo da mutane tun safe har yamma. Tace tana son a bata ɗan guntun fata daga gefen tabon, kamar ƙwayar gero.

Mai Walda yace, "Hajiya Dakta, ba jini kuke ɗiba ba? Ki ɗebi jini mana, fata ai ta mutum ce."

Tace, "Abinda nake nema baya cikin jini."

Ku saurara da kyau, furofesoshi ku duba ko na kuskure, amma bazan kuskure ba. Tace jiki nada sojoji. Yawancinsu a cikin jini suke, suna zagaye kamar motar sintiri, yanzu suna kai, anjima suna ƙafa. In cuta ta shiga ta fata ko huhu ko hanji, sai a kira su suzo wurin ayi yaƙi. In anci yaƙi, da yawa su mutu, wasu su koma sintiri. Amma akwai waɗanda basa komawa. Sai su nemi wuri a nan inda akayi faɗan su zauna. Basa bin jini, basa zuwa ko'ina. Shi yasa in ka ɗebi jini baka ganinsu.

Nace, "To zaman me suke?"

Ta kalli bencin, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Tace, "Zaman da kuke yi."

Aka fashe da dariya. Tace, "Da gaske nake. Ku nan in an ganku sai ace 'yan zaman kashe wando ne. Amma ɓarawon da ya taɓa cire muku batir, in ya sake shigowa layin nan, wa zai fara gane shi, ku ko 'yan sandan dake zagaye a mota?"

Mukace mu mana, tun daga tafiyarsa.

Tace to haka suke. Sun riƙe fuskar cutar. Ranar da ta sake leƙowa ta wurin, basa tsayawa tambaya. Su cafke ta, su kashe ƙwayar jikin da ta ɓuya a ciki, sannan su kwarma ihu. Ihun nasu wani sinadari ne suke fesawa. Maƙwabta suji su rufe ƙofa, na cikin jini suji su kwararo wurin. Kafin cutar ta ajiye kaya an gama da ita. Wani lokaci kai mai jikin baka ma san anyi ba, sai ɗan ja da ƙaiƙayi.

Jama'a, tunda nake ba'a taɓa yabon zaman benci a gabana ba sai ranar. Na koma gida na gaya wa uwargida kimiyya ta tabbatar da aikina. Tace in kimiyyar ce zata kawo cefane to.

Abinda Matar Yaya ke son sani shine, shekara nawa suke yi a zaune? Suna tsufa? Suna gajiya su tashi? Tace a ɓera an sani da dama, amma ɓera baya daɗewa a duniya, kuma ɓera ba makanike bane. Sai an bi mutum ɗaya, tabo ɗaya, ana dubawa shekara bayan shekara. Shi yasa ba wanda zai iya zuwa a madadin wani. Fatar da aka fara da ita, da ita za'a ƙare.

Wa ya fara miƙa hannu? Ba sai na faɗa ba. A ɗakin gwajin can har yau Samfur Na Ɗaya suke kirana. Na shiga ɗakin, sanyi kamar cikin firij, ga wata firiza a kusurwa tana gurnani kamar tsohuwar tirela, in an buɗe ta hayaƙi ke fitowa, sai da safar hannu mai kauri ake taɓa cikinta. Ta zaunar dani, ta goge wurin, tayi allurar kashe zafi, ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin biro. Daga nan akwai saɓanin riwaya. Wasu nas-nas, ina ganinsu can suna rufe baki, suna yaɗa cewa wai na suma. Ban suma ba. Na ga gado ne a kusa, ga sanyi, nace bari in huta. In mutum ya huta a ƙasa kafin ya kai gadon, wannan gajiya ce.

Ta kasance mai nuna maka abinka, bata ɓoye ilimi a aljihu. Bayan kwanaki ta kira ni ta kashe fitila, ta nuna min a allon kwamfuta. Baƙi ƙirin, sai ɗigo-ɗigo kore suna haske, a jere ƙarƙashin fata, kowanne ya miƙe hannuwa tsakanin maƙwabtansa. Tace, "Ga 'yan bencinka."

Na daɗe ina kallo. Nace, "Matar Yaya, faɗi gaskiya, nawa sun fi na kowa ƙiba ko?"

Tace, "Duk ɗaya ne."

Nace, "Ki duba dai."

Tace, "Naka sun fi surutu, wannan na yarda."

Ta kasance bata yarda a ƙara wa magana gishiri, kuma kunsan zama da ni a haka sai mai haƙuri. Da gyambon ya sake zagayowa layin wata shekara, ni wurin tabona ya ɗanyi ja kwana biyu ya lafa. Sabon mai fenti da bai taɓa yi ba kuwa ya sha fama. Na ruga na gaya mata an gama bincike, a rubuta sunana a littafi. Tace, "Mutum ɗaya ba hujja bane, Injiniya, ko da kai ne." Ko da kai ne. Kunji dai, ita ma ta san ni ba kamar kowa bane.

Kuma ta ja mana kunne. Tace 'yan bencin nan fuskar da suka sani kawai suka sani. In sabuwar cuta ce, kallonta zasuyi ta wuce, don haka kada wanda ya ƙi rigakafi yace yanada sojoji. Tace kuma wani lokaci suna kama wanda bai ji ba bai gani ba. Mai Walda, ka yafe min zan faɗa. Mutumin nan duk sanda ya sha wani maganin ciwon jiki sai baƙin tabo ya fito mai a leɓe, wuri ɗaya, kamar an buga hatimi. Matarsa ta fara bincike, tana tambaya wa ke cizonsa. Matar Yaya ce ta raba gardamar. Tace 'yan bencin leɓensa ne suka ɗauki maganin a matsayin ɓarawo, ya daina sha. Ya daina, tabo ya daina, aure ya zauna. Wannan ma ai aikin al'umma ne, Shugaban asibiti, a rubuta.

Duk shekara in lokaci yayi zata zo da kanta har layi ta kira mu ɗakin gwajin. Bata aike. Ta san sunan matan mu, ta san ɗan wa ke jarabawa. Mai tsoro ta riƙe mai hannu tana mai hira har a gama bai sani ba. A gida kuma, Babba da Auta, ku ne shaida, uwar da zata dawo a gajiye ta zauna tayi muku lissafi ce. Yaya kuwa, shima gyambon ya kama shi garin zuwa zaman bencina, don haka shima yana cikin mu. Ita ke ɗibar nasa da hannunta, tana ce mai, "Kai naka sojojin ko motsi basa yi, sun biyo mai gida."

To sai Allah yayi ikonsa. Da rana tsaka, a ɗakin nan mai sanyi, tana zaune kan kujerarta tace kanta na sara. Kafin a kai ta gado ta faɗi. Likitoci sunce jijiya ce ta fashe a kai. Kwana kaɗan tayi, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ga roƙon. Ɗalibarta, wadda muke kira Ƙaramar Dakta, gata can gefe da tabarau, ita aka bar wa aikin. Yarinyar nan ta kira waya har ta gaji. Ta zo layi da ƙafarta, mutane suka shige ƙarƙashin motoci, har waɗanda ba makanikai ba. Saura ɗiba ɗaya, ta ƙarshe, wadda za'a gwada da ta farko a ga ko 'yan bencin na nan. In babu ita, duk guntayen fatar mu dake firizar can sun zama labari mara ƙarshe. Furofesa ya gaya min da bakinsa, in mutanen basu cika ba dole a rufe, ba mugunta bace, ƙa'ida ce.

Naji abinda ake faɗa a layi, don ba'a magana a layin nan bata biyo ta bencina ba. Wasu sunce wai abinda take taɓawa a ɗakin ne ya kama ta. Ƙarya ne. Ga likitoci nan a tambaye su. Jijiya ce, irin wadda ke fashe wa mai sayar da taya da bai taɓa ganin firiza ba. Ni na shiga ɗakin nan ya fi a ƙirga, ku dube ni, ko mura tsorona take. Wasu sunce da Dakta mukayi alkawari, ba da yarinya ba. To hannun yarinyar nan Dakta ce ta horar dashi. Na je satin da ya wuce ta ɗebi nawa, ga filasta nan, ku gani. Ko hutawa banyi ba wannan karon. Na ɗan zauna dai.

Amma na san gaskiyar abinda ya hana ku. Kuna kallon Yaya ne. Kunce in mijinta bai je ba, mu wa?

Yaya, ka yafe min, a gaban mutane zanyi maka magana, don a gida in na fara sai ka tashi ka shiga ɗaki. Na san ba tsoron ƙarfen kake ba. Ɗakin ne. Na shiga na gani. Silifas ɗinta na nan ƙarƙashin tebur inda take cire takalmi. Kofin shayinta na kan taga, ba wanda ya iya ɗaukewa. Ni da nake da zuciyar ƙarfe sai da wani abu ya faɗa min a ido. Ƙura ce, amma ta daɗe bata fita ba. Bazan ce maka da sauƙi ba.

Amma Yaya, kai ka fi kowa sanin safiyar da ta fita ba karyawa saboda aikin nan. Kai ka san sau nawa ka kai ta ka zauna a mota kana jira. Tambaya ɗaya ta yi wa duniya, kuma wani yanki na amsar na nan a hannunka na hagu, kana yawo dashi cikin riga. Ba wanda zai iya bada shi sai kai. In kace bazaka iya ba, wallahi ba mai ganin laifinka, ni ne zan fara tare maka. Amma in zaka iya, kada ka bari watan nan ya mutu.

Auta, bar shi, kada ki taɓa shi. Bari yayi tunani.

Na'am, Yaya? Ɗaga murya, kunnena ɗaya injin ya cinye.

Jama'a, ga abinda yace. Yace zai je. Yace amma bazai iya tuƙi ba ranar, in zo in ɗauke shi.

Zan zo, Yaya.

To 'yan layin gareji, kunji. Shugaban ƙungiya, naga hannunka. Mai Walda, ɗaga sosai, ba sosa kai nace ba. Na bayan can, ku ajiye lemon ku ɗaga. Ƙaramar Dakta, daina kuka ki kalli fuskokin nan da kyau, ki riƙe su, duk wanda ya shige ƙarƙashin mota ni zan jawo shi ta ƙafa.

Mun gode wa Shugaban asibiti da ya bamu ɗakin taron nan. Mun gode wa Furofesa da abokan aikinta da suka riƙe ta kamar 'yar uwa. Mun gode wa surukan mu da suka bamu ita tun farko, duk da sun ga irin ƙanin mijin da zata samu, ko da yake wasu na cewa saboda shi ne ma suka yarda. Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa yazo.

Allah ya jiƙan Matar Yaya. Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa ciwon da ta warkar da wanda ta hana zuwa su zame mata nauyi a mizani. Allah ya sa ilimin da ta bari ya ci gaba da kai mata lada. Allah ya raya Babba da Auta, yayi musu albarka. Allah ya sanyaya zuciyar Yaya da ta iyayenta. Allah ya ƙarfafi hannun Ƙaramar Dakta. Mu kuma in tamu tazo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Yaya, gobe da safe ina ƙofar gida. Ka sa riga mai gajeren hannu.

Wassalamu alaikum.